Sunaye Sha Takwas a Hanyar Shinkafi

Ranar Alhamis ɗin nan, ƙarfe takwas da 'yan mintoci, ina zaune a ƙofar ɗaki ina shan koko, sai ga Armiya'u ya faɗo gidanmu ko sallama babu. Armiya'u fa, ɗan gidan malamai, wanda ko akuya ce kaɗai a zaure sai ya yi sallama. Yana haki, kwamfutarsa a buɗe a hannu kamar ya ɗauko faranti.

"Barnaba, ina Inna?"

"Sun tafi taron Zumunta a Shinkafi tun da sassafe. Lafiya?"

Ya durƙusa gabana ya juyo mini fuskar kwamfutar. Na duba, sai na ga sunan uwata a layin farko: Rahila Bulus, Uwar Zumunta, ga lambar wayarta, ga unguwarmu. A ƙarƙashinta sunayen mata goma sha bakwai na Zumuntar Matan cocinmu. Can sama an rubuta: Alhamis, ƙarfe bakwai na safe, hanyar Shinkafi, farar bas ta Malam Ladan, har da lambar motar. Ni na rubuta wannan da hannuna, kuma ba a kwamfutata nake ganinsa ba.

"A ina ka samo wannan?"

"A kasuwar duniya na samo shi," in ji Armiya'u. "Inda ka baje shi."

Bari in koma baya kaɗan, don a san irin wautar da na tafka. Ni mai rubuta manhaja ne. Tare muka yi karatu da Armiya'u nan Kaura Namoda, tare kuma muke cin wahalar neman aiki ta intanet. Cocinmu ƙarama ce, tana bayan tsohon layin dogo, kuma tun da hanyoyi suka lalace Fasto ya daina sanar da tafiye-tafiye daga kan mumbari, don ba a san kunnen da ke bayan taga ba. Sai ni, uban iyawa, na ce ai wannan ƙaramin abu ne. Na rubuta wata 'yar manhaja da ke tura wa kowane mutum saƙo a wayarsa shi kaɗai: ranar tafiya, lokaci, da motar da za a shiga. Dattawan ikilisiya suka sa mini albarka. Kaina ya yi girma har hula ta so ta ƙi zama.

Don manhajar ta yi aiki, sai da na zauna da Inna ta karanto mini sunayen matan ɗaya bayan ɗaya. Na kuma ƙara wani gurbi da ba wanda ya sa ni: wanda za a kira in wani abu ya faru. Inna ta dube ni ta ce, "Auta, wanga kuma na mi ne?" Na ce tsari ne, haka ake yi a ko'ina. A gaban sunanta na rubuta: babban ɗanta yana Abuja, ma'aikacin gwamnati. A gaban na wata na rubuta: mijinta yana da shagon siminti. Haka na bi su duka. Wato na zauna na auna wa ɓarawo nauyin kowace mace, ban sani ba.

Mu masu wannan sana'a muna da wani kayan aiki da ake kira git. Shi ke ajiye mana aiki mataki-mataki, yadda in ka ɓata abu yau za ka iya komawa yadda yake jiya. Akwai kuma shafin da ake ɗora aikin a intanet, ko dai ka kulle shi, ko ka bar shi a buɗe kowa ya gani. Ni na bar nawa a buɗe, don ina so masu ɗaukar aiki na Legas su ga abin da na iya. Wata Lahadi bayan sujada, batir na gab da mutuwa, na ba da umarnin a kwashe duk abin da ke cikin jakar aikin a ɗora. Fayil ɗin sunayen ya bi ayari. Bayan kwana biyu na lura, na goge shi da sauri, na sake ɗorawa. Na duba shafin, babu shi. Na ce na gode Allah, ban faɗa wa kowa ba.

"Na goge shi!" na ce wa Armiya'u. "Sati uku ke nan da na goge shi!"

"Ka goge na yau. Na jiya fa? Kai da bakinka kake cewa git ba ya mantuwa." Ya danna tarihin aikin, ga fayil ɗin nan zaune daram a matakin ranar Lahadi. "Ni ɓangaren tura saƙon na shiga in ara, na ci karo da shi. Buɗe naka ka ga mutum nawa suka kwafa."

Na ɗauko tawa kwamfutar. Sau tara aka kwashi aikin gaba ɗaya cikin sati biyu. Ɗaya na Armiya'u ne. Sauran takwas ɗin, Allah kaɗai ya san su.

Na kulle shafin nan take, amma ai an riga an yi ɓarin. Na fizgi waya na kira Inna. Sai na ji ƙarar wayarta a bayana, cikin ɗakinta. Na shiga, ga wayar nan a kan Littafi Mai Tsarki tana ta ruri. Ni ne na hana ta tafiya da ita. Ni na zaunar da matan Zumunta kaf na yi musu huɗuba cewa in an tare mota waya ake fara dubawa, a ga wa ka sani, don haka kowa ta bar tata a gida. Sun kuwa ji maganata, tun da ni ne mai ilimin.

Na kira Malam Ladan. Shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar matan cocinmu duk inda za su, dattijo ne mai furfura a gemu, in sun fara waƙa a mota sai ya rage rediyo. Wayarsa ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira. A karo na uku aka ce a kashe take.

Na zauna a bakin gadon Inna. Tsoro irin wanda ban taɓa ji ba ya kama ni.

"Tashi," in ji Armiya'u. "Babur ɗina na waje. Ƙila muna tarar da su sun tsaya shan mai."

Ya san ƙarya yake yi, ni ma na sani, amma na tashi.

Damina ta yi nisa a lokacin. Da muka bar gari, dawa da gero sun rufe hanya dama da hagu, sun fi mutum tsawo. Da can in na ga gona ta yi haka daɗi nake ji. Ranar nan kuwa duk karan da ya motsa sai in ga kamar mutum ne zai fito. Ina bayan Armiya'u ina ƙoƙarin yin addu'a, amma kalmomin sun watse. Ni da nake jagorantar addu'ar matasa ran Laraba, abin da kawai ya rage a bakina shi ne, "Ya Yesu, Inna. Ya Yesu, Inna." Armiya'u kuma ina jin shi yana nasa salatin ƙasa-ƙasa, iska na kwashewa.

Ranar kasuwar Shinkafi ce, ya kamata hanya ta cika. Da farko muna ta gamuwa da motoci da babura masu dawowa. Can sai Armiya'u ya rage gudu.

"Ka lura?"

"Da me?"

"Tun ɗazu ba abin da ya wuce mu daga gaba."

Duk wanda ke bin hanyoyin nan ya san wannan karatun. In ka yi tafiya mai tsawo ba ka gamu da kowa daga ɗaya hannun ba, to akwai abin da ya tsare su. Na ce ya ci gaba. Ya ce mahaukaci ne ni. Na ce in ba zai je ba ya sauka ya ba ni babur ɗin, na kuma faɗa masa wata magana da har yau nake jin kunyarta. Ya ja muka tafi.

A wani ɗan ƙauye kafin Badarawa muka tarar da motoci sun yi layi a gefen titi, fasinjoji sun fito sun yi cirko-cirko ƙarƙashin wata tsamiya. Ba mai ɗaga murya. Na diro kafin babur ya tsaya, na kama wani direba mai jan rawani.

"Baba, me ya faru?"

"Mutanen ne sunka fito," ya ce, bai ko dube ni ba. "Wajen kwalbatin can. Mota guda sunka tare."

"Wace iri?"

"An ce farar bas."

"Da mutane?"

Sai a lokacin ya juyo ya dube ni. "Ɗana, bas ka tafiya ba mutane ranar kasuwa?"

Kusan awa guda muka yi a wurin. Ban san yadda zan kwatanta awar nan ba. Wata tsohuwa mai sayar da dafaffiyar gyaɗa ta miƙo mini ruwa a moɗa, ta ce, "Naka na ciki?" Na ce uwata. Ta ce Allah ya fid da ita. Na so in ce mata ni na sa ta a ciki, sai kawai na mayar mata da moɗarta. Ina ta lissafa su a zuci: Mama Saratu mai ciwon suga, wadda ba ta iya tafiyar minti goma. Matar mai shagon siminti, da goyon wata biyar. Inna da gwiwarta. In an kora su daji a ƙafa, wa zai jira su?

Da motar jami'an tsaro ta wuce, direbobi suka fara tayar da injuna, kowa na jiran wani ya fara shiga gaba. Mu muka fara.

Bas ɗin na nan a karkace, ƙafa biyu a cikin rami. Na gane ta tun daga nesa, da labulenta masu ruwan ƙasa duk a sauke. Gilashin gaba ya tarwatse, ƙofofi a wangale. A kan titi kuwa ga tulunan Zumunta, waɗanda matan ke bugawa in suna waƙa a sujada, an wurgo su sun farfashe. An farke jakunkuna. Zannuwan ankonsu, shuɗi da fari, sun watsu har cikin gona. Na ɗaga ɗaya, na ga inda Inna ta ɗinke bakinsa da jan zare, don kada ya ɓace cikin na sauran. Na durƙusa a tsakiyar titi na yi ihu kamar ƙaramin yaro.

Babu kowa a motar. Babu jini, sai ɗan kaɗan a kan sitiyari. Hular Malam Ladan na ƙasa wajen ƙofar direba, wani ya taka ta da takalmi mai laka. Ban san dalilin da ya sa na ɗauka ba, na dai cusa ta a aljihu.

Wani jami'i ya daka mana tsawa mu bar wurin. Na tambaye shi mutum nawa aka tafi da su, ya ce shi ma yanzu ya zo. Wani manomi da ya fito daga cikin dawa yana karkarwa ya ce shi harbi kawai ya ji ya kwanta, da ya ɗaga kai sai ƙurar babura ya gani sun yi gabas, wajen dajin Zurmi.

"Mu ƙarasa Shinkafi," in ji Armiya'u. "Ta fi kusa. A faɗa wa Faston can, shi ya san waɗanda zai kira."

Na hau, zanen Inna a hannuna. A hanya na yanke shawarar abin da zan faɗa wa yayana na Abuja, na rushe, na sake yankewa. Za su kira shi, tun da ni na ba su lambarsa.

Cocin Shinkafi na cikin wani lungu bayan tasha. Armiya'u ya tsaya a bakin ƙofa ya ce zai jira ni a nan. Ina sauka sai na ji waƙa. Muryoyin mata ne, da tafi, babu tulu babu kacau-kacau. Na ɗauka matan wasu garuruwa ne da suka riga isowa taron, har na ji haushinsu, su suna waƙa ba su san abin da ya faru ba. Sai wata murya ta ɗaga sama ta ja baitin, 'yar shaƙaƙƙiya, tana saurin shiga kafin lokaci kamar kullum. Shekara ashirin da tara ina jin muryar nan.

Na banka ƙofa. Ga su nan a kan bencuna, ba mai anko ko ɗaya, kowacce da kayan zuwa kasuwa. Mama Saratu na nan. Mai goyo na nan tana jijjiga ɗanta. Inna na gaba, ta yafa wani dogon mayafi ruwan toka wanda ban taɓa gani a gidanmu ba. Na tsaya ina ƙirga su da yatsa kamar taɓaɓɓe. Goma sha takwas cif.

Inna ta hango ni, ta yi wa ta kusa da ita alama ta karɓi waƙar, ta fito. Ta ja ni gefen rijiya.

"Auta, mi yak kawo ka? Dubi idonka. Wa ya rasu?"

Na riƙe hannunta da hannu biyu ina kuka, ita kuma tana ta cewa in yi mata bayani, kada in sa hawan jininta ya tashi. Da ƙyar na ce, "Ba ku shiga bas ɗin ba."

"A'a." Ta waiga ta rage murya. "Shekaranjiya Malam Ladan ya zo ya same ni kana wurin cajin kwamfutarka. Wani ya kira shi da ɓoyayyar lamba, wai yana son ya tabbatar ko shi zai ɗauki mata sha takwas ran Alhamis ƙarfe bakwai. Har ya tambaye shi ko Rahila mai ɗa ma'aikacin gwamnati a Abuja tana ciki. Malam ya ce masa awo, shi zai ɗauka. Yana kashe waya ya taho nan."

Mai ɗa ma'aikacin gwamnati a Abuja. Kalmomina ne, yadda na jera su.

"Sai munka shirya," in ji Inna. "Munka bi gida-gida da baki, ba waya. Ƙarfe shida munka fito bibbiyu, uku-uku, munka shiga motocin 'yan kasuwa. Mardiyya matar Malam ita ta ara muna mayafai. Ka ga Saratu cikin hijabi? Sai ka rantse daga Makka ta dawo." Har ta yi 'yar dariya.

"Inna, me ya sa ba ki faɗa mini ba? Gida ɗaya muke kwana!"

Ta dube ni, ba da faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

"Auta, duk abin da na faɗa maka, cikin na'urar nan yake shiga. Ban san ta inda maganar ta fita ba, ban kuma zargi kowa ba. Amma na san ni mutum ɗaya na karanta wa sunayen nan."

Na sunkuyar da kai. Na faɗa mata komai a tsaye a wurin, da fayil ɗin, da gogewar da ba ta gogu ba, da sati ukun da na yi shiru. Ban sani ba ko ta gane rabin abin da na ce. Ta dai saurara har na gama, ta ce ran Lahadi zan tashi gaban ikilisiya in maimaita shi da bakina, kowace mace ta canja lamba. Na ce to.

"An gode wa Ubangiji da abin ya tsaya nan," ta ce. Ta gyara mayafin. "Shi Malam cewa ya yi dole bas ta tashi ƙarfe bakwai daga ƙofar coci, labule a sauke, da kayanmu a ciki. In ba ta tashi ba, masu kallo za su gane, su tare duk motar da ta biyo hanya. Na ce masa kada ya yi, ya ce in sun ga ba kowa ai sakinsa za su yi, mi za su ci da tsoho? Ka san shi da taurin kai."

Sai idonta ya sauka kan zanen da ke hannuna. Ta kai hannu ta juya bakinsa, ta ga jan zaren. Na ga lokacin da fuskarta ta canja.

"Wanga ai cikin jakata yake." Ta leƙa bayana wajen ƙofa, inda Armiya'u ke tsaye shi kaɗai da babur. "Kun gamu da shi ke nan? Tun ƙarfe tara muke jiran tulunan. Ina Malam Ladan ɗin?"

A cikin coci matan sun kama wata sabuwar waƙa. Na sa hannu a aljihu na fito da hular, da sawun takalmin a kanta, na miƙa mata.

Inna ta karɓa ta daɗe tana kallonta. Ta sa gefen mayafin Mardiyya tana goge lakar a hankali, lakar ta ƙi fita.

"Na ce mata da la'asar zan maido mata da mayafinta," ta ce. "Kai za ka raka ni."